Yadda Ake Auna Amincin Manhajar Kyauta Kafin a Girka Ta a Kwamfuta

Manhajoji da yawa da ake saukewa kyauta daga intanet ba su da wata illa, kuma wasunsu, irin su VLC da 7-Zip da LibreOffice, sun fi waɗansu na kuɗi nagarta. Damuwar tana ga wani rukuni da yake zuwa da 'yan rakiya: mutum ya nemi manhaja ɗaya, ya tashi da uku ko huɗu, burauzarsa ta canja injin bincike, tallace-tallace su riƙa faɗowa daga kusurwar allo, kwamfutar kuma ta yi nauyi ba tare da ya san dalili ba. Irin waɗannan manhajojin cusa talla ba kasafai suke shiga da ƙarfi ba. Mai kwamfutar ne yake buɗe musu ƙofa da hannunsa, ta hanyar danna maɓallin amincewa a shafin da bai karanta ba, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa manhajar kariya takan yi shiru a kansu, domin a ƙa'ida an nemi izini kuma an bayar. Saboda haka tambayar "akwai bairos a ciki?" ba ta isa ta raba gardama ba. Abin da ya kamata a bincika shi ne wanda ya miƙo fayil ɗin, da wanda yake biyan kuɗin aikin, da abin da manhajar take taɓawa idan ta shiga, da kuma ko tana fita idan an ce ta fita.

Fara da sanin yadda cinikin yake

Akwai ɓangarori uku a wannan harka. Akwai mai manhajar da jama'a suke so, akwai mai kayan tallan da ba wanda zai nema da kansa, sannan akwai dillalin da yake haɗa su. Dillali yana ba mai manhaja wani ƙunshi da zai naɗe fayil ɗinsa a ciki, kuma duk lokacin da ɗan rakiya ya samu shiga wata kwamfuta, mai talla ya biya, su raba. A shekarar 2016 masu bincike daga Google da Jami'ar New York sun bi diddigin manyan dillalai huɗu na lokacin, wato Amonetize da InstallMonetizer da OpenCandy da Outbrowse, suka gano cewa ana biyan daga senti 10 zuwa dala 1.50 a kan kowace girkawa, gwargwadon ƙasar da kwamfutar take, kuma yunƙurin sauke irin waɗannan fayiloli ya haura miliyan 60 a kowane mako, kusan ninki uku na miyagun manhajoji na ainihi. Wani abu da suka gano, wanda zai yi mana amfani nan gaba, shi ne ƙunshin yakan leƙa cikin kwamfutar tukuna, ya ga wace manhajar kariya ce a ciki, kafin ya zaɓi 'yan rakiyar da zai gabatar. Ke nan mutum biyu za su iya sauke fayil ɗaya, kowa ya samu kaya daban.

Wani zai ce talla ce kawai, ana iya haƙuri da ita. Abin da ya faru da Superfish ya isa amsa. A farkon 2015 aka gano cewa kamfanin Lenovo ya sayar da wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka ɗauke da wannan manhaja, wadda aikinta shi ne cusa talla a shafukan da mutum yake buɗewa. Domin ta iya shiga shafukan da aka killace da HTTPS, wato tsarin da yake ɓoye abin da ke wucewa tsakanin burauza da shafi, sai ta dasa takardar shaidarta a cikin jerin waɗanda Windows ta amince da su, kuma mabuɗin takardar iri ɗaya ne a dukkan kwamfutocin. Da masana suka fasa kalmar sirrin mabuɗin, ya bayyana cewa duk wanda ya riƙe shi zai iya kwaikwayon shafin banki ba tare da burauza ta yi gargaɗi ba. A 2017 Lenovo ya sasanta da FTC, hukumar kare masu sayayya ta Amurka, da jihohi 32, ya biya dala miliyan 3.5. Masu manhajar ba su yi niyyar satar kuɗin kowa ba, amma domin su nuna talla sun ɓalle makullin da yake tsare kuɗin.

Mataki na farko: tabbatar da inda fayil ɗin ya fito

Rabin aikin yana nan. Manhaja ɗaya tana iya zama mai tsabta a shafin masu ita, ta zama mai 'yan rakiya a wani shafin da ya sake naɗe ta. A ƙarshen 2011 Gordon Lyon, marubucin Nmap, manhajar binciken hanyoyin sadarwar kwamfuta, ya fito fili ya koka cewa Download.com na kamfanin CNET yana raba manhajarsa cikin ƙunshin da yake canja saitin burauza ba da saninsa ba. SourceForge, wanda ya daɗe yana zaman rumbun manhajojin kyauta, ya fara irin wannan tsari a 2013 da sunan DevShare, har a 2015 masu GIMP, manhajar gyaran hoto, suka tarar ana raba manhajarsu ta Windows da kayan talla alhali sun riga sun bar dandalin. Adalci ya sa a faɗa cewa sababbin masu SourceForge sun soke tsarin a 2016. Darasin dai yana nan: girman suna da daɗewar rumbu ba su ne shaidar tsabtar fayil ba.

Don haka a nemi shafin masu manhajar kai tsaye, kuma a nan ma akwai tarko. Sakamakon farko da injin bincike yake nunawa sau da yawa talla ce da aka biya, mai ɗan ƙaramin rubutu "Sponsored" ko "Ad" a samanta, kuma 'yan damfara suna sayen wannan gurbi da sunan sanannun manhajoji. Abin ya yi yawa har a Disamba 2022 hukumar FBI ta fitar da gargaɗi a kai, ta kuma shawarci jama'a su yi amfani da abin toshe talla yayin bincike. Ka tsallake tallan, ka duba adireshin harafi bayan harafi, domin bambancin yakan zama harafi ɗaya ko ƙarin kalma kamar "download" ko "free" a jikin sunan. Idan kana shakka, shafin Wikipedia na sananniyar manhaja yakan nuna adireshinta na gaskiya a akwatin gefe, sai ka gwada da wanda yake gabanka. Alamar kwaɗon kulle a gefen adireshi kuwa ba ta nufin komai game da gaskiyar mai shafin, abin da take nufi kawai shi ne an killace hanyar da ke tsakaninku.

Idan ka isa shafin da ya dace, kula da maɓallan bogi. Babban koren maɓalli mai cewa "Download Now" a tsakiyar shafi sau da yawa talla ce, na gaskiyar kuma ɗan rubutu ne a ƙasa. Ka ɗora linzami a kansa ba tare da ka danna ba, ka karanta adireshin da zai fito a ƙasan allo ta hagu. Idan yana kai wa wani gida daban da wanda kake ciki, ka bar shi.

Akwai hanyoyin da suke rage wannan wahala gaba ɗaya. Microsoft Store, da umarnin winget da yake cikin Windows na yanzu, da shafin Ninite wanda yake girka sanannun manhajoji yana ƙin duk wani tayi a madadinka, duk sun fi bin sakamakon bincike aminci. Manhajojin kuɗi da aka fasa aka saki kyauta kuwa ba su cikin abin da ake aunawa, domin wanda ya fasa ya riga ya canja fayil ɗin, kuma kusan kullum sharaɗinsa na farko shi ne ka kashe manhajar kariya.

Mataki na biyu: wa yake biya?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Rubuta manhaja da kula da ita aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, saboda haka ka nemi inda kuɗin yake fitowa kafin ka sauke. Amsoshi masu kwantar da hankali sanannu ne: ƙungiya ce mai karɓar gudummawa kuma lambobin manhajar a buɗe suke ga kowa, ko kamfani ne mai sigar kuɗi wanda yake ba da ta kyauta don jawo masu saye, ko babban kamfani ne da manhajar take tallafa wa wata sana'arsa. Idan shafin ba shi da sunan kamfani, ba adireshi, ba sigar kuɗi, ba neman gudummawa, amma ga shi yana kashe kuɗi wajen tallata kansa, to kai ne ake sayarwa, ko idonka, ko bayananka, ko ƙarfin kwamfutarka.

Waɗannan ukun duk sun faru. A 2015 masu amfani da uTorrent suka tarar da wata manhaja mai suna EpicScale tana haƙar kuɗin kirifto da na'urorinsu. A shekarar ce kuma aka fallasa cewa Hola, mai ba da VPN kyauta, wato hanyar ɓoye adireshin intanet na mutum, yana sayar da layin intanet na masu amfani da shi ta wani reshe mai suna Luminati, ta yadda baƙo zai yi abin da ya ga dama da adireshin intanet na wani. Hatta masu manhajar kariya ba su tsira ba: a 2024 FTC ta ci tarar Avast dala miliyan 16.5 saboda sayar da tarihin lilon masu amfani da shi ta reshensa Jumpshot.

Wasu nau'o'in manhaja sun fi kaurin suna a wannan fanni, kuma ya dace a tsananta musu bincike: masu cewa za su sabunta direbobin kwamfuta, masu share rajista, wato ma'ajiyar saitin Windows, da alkawarin ƙara gudu, masu sauke bidiyo daga shafuka, masu juya fayil zuwa PDF, da VPN na kyauta. A ganina biyun farko ba su da wani amfani ga yawancin mutane, tunda Windows Update da shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar suna yin aikin. Duk shafin da ya ce sai ka sabunta Flash Player kafin ka kalli bidiyo ƙarya yake yi, domin Adobe ta daina tallafa wa Flash tun ranar 31 ga Disamba 2020.

Daga nan ka rubuta sunan manhajar a injin bincike tare da kalmar "adware" ko "bundled", ka karanta abin da masu amfani da ita suka ce, kana lura da kwanan wata, domin manhaja takan canja hali idan ta canja hannu. Sai dai ka yi hattara da shafukan da suke da maƙala "yadda za ka cire kaza" a kan kowace manhaja a duniya. Yawancinsu so suke ka sauke nasu abin sharewar, wanda shi ma ɗan gidan ne.

Mataki na uku: bincika fayil ɗin kafin ka buɗe shi

Sauke fayil bai cika cutarwa ba, buɗe shi ne yake ba shi iko. Tsakanin biyun akwai bincike huɗu da ba za su ci minti goma ba.

Da farko ka sa Windows ta riƙa nuna ƙarshen sunan fayil, ta hanyar kunna "File name extensions" a ƙarƙashin View a cikin File Explorer. Da haka za ka ga idan abin da aka ce takarda ce ko waƙa ya ƙare da .exe, wato manhaja ce. Ka duba girma kuma. Fayil ɗin girka VLC yana kai megabayit 40 ko kusa da haka, don haka idan wani shafi ya ba ka na megabayit 2 da sunan VLC, ba VLC ba ne, ɗan aike ne da zai je ya ɗauko ta tare da abin da aka haɗa masa. Ƙanƙanta kaɗai ba laifi ba ce, tunda Chrome da Firefox ma suna ba da ƙaramin fayil da yake ɗauko sauran, amma nasu daga shafinsu yake fitowa da sa hannunsu. Fayil da ya zo a matse da kalmar sirri, aka rubuta kalmar a shafin saukewa, an yi haka ne domin manhajar kariya ta kasa leƙa ciki, kuma wannan kaɗai ya isa a goge shi.

Na biyu shi ne sa hannun dijital. Ka danna fayil ɗin da maɓallin dama, ka zaɓi Properties, ka buɗe Digital Signatures. Sunan da yake wurin ya kamata ya dace da masu manhajar: Mozilla Corporation ga Firefox, VideoLAN ga VLC. Idan ka sauke sananniyar manhaja ka ga sunan wani kamfani da ba ka taɓa ji ba, an sake naɗe ta. A nan mutane sukan yi kuskure iri biyu. Rashin sa hannu ba hujjar mugunta ba ce, domin takardar shaidar kuɗi ake biya kuma wasu ƙananan marubuta ba su saye. Samuwar sa hannu kuma ba hujjar tsabta ba ce, domin dillalan talla kamfanoni ne masu rajista kuma kusan dukkansu suna sa hannu. Abin da sa hannu yake gaya maka shi ne wane ne, ba ya gaya maka halinsa. A 2017 ma an kutsa cikin kamfanin da yake yin CCleaner aka dasa muguwar lamba a siga ta 5.33, ta fita da sahihin sa hannu daga shafin gaskiya, ta shiga kwamfutoci kimanin miliyan 2.27. Wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma yana nuna dalilin da ya sa ba a dogara da gwaji ɗaya.

Na uku, idan masu manhajar sun wallafa lambar SHA-256 ta fayil ɗinsu, wato jerin haruffa da lambobi 64, ka buɗe PowerShell, wurin rubuta umarni a Windows, ka rubuta Get-FileHash sannan sunan fayil ɗin, ka gwada abin da ya fito da nasu. Idan sun yi daidai, fayil ɗin da yake hannunka shi ne wanda suka saki, ba a taɓa ko ɗigo ba.

Na huɗu shi ne VirusTotal, shafin da aka kafa a Sifaniya a 2004, Google ta saye shi a 2012, wanda yake gwada fayil da injinan kariya kusan 70 a lokaci ɗaya. Loda fayil abu ne mai sauƙi, karanta sakamakon ne yake buƙatar natsuwa. Kada ka tsaya ga adadin jajayen layuka, ka karanta sunayen. Idan injina ɗaya ko biyu da ba a san su sosai ba suka rubuta "Generic" ko "Heur" ko "ML", alhali manyan sun yi shiru kuma fayil ɗin daga shafin gaskiya yake, galibi zato ne kawai. Idan ka ga "PUP.Optional", ko "PUA", ko "not-a-virus:AdWare", ko "Bundler", ko sunan dillali kamar InstallCore da OpenCandy, to an gane ƙunshin talla ne, ko da injina biyar ne kacal suka faɗa, domin da yawa daga cikin injinan ba su ƙirga wannan rukuni a matsayin laifi. Idan kuwa kalmomin "Trojan" ko "Stealer" ko "Ransom" suka fito daga manyan kamfanoni da dama, magana ta ƙare. Ka leƙa shafin Details ka ga ranar da aka fara kawo fayil ɗin. Sananniyar manhaja da aka ce ta shekara biyu amma yau aka fara ganin fayil ɗinta abin tuhuma ce, kuma sakamako mai tsabta a kan sabon fayil ba shi da nauyi, tunda injinan ba su gama saninsa ba. Ka tuna kuma cewa idan ɗan aike ne ka loda, shi kaɗai aka gwada, ba kayan da zai ɗauko ba. Abu na ƙarshe a nan: abin da aka loda a VirusTotal masana tsaro suna iya samunsa, saboda haka ba wurin kai takardun sirri ba ne.

Mataki na huɗu: shirya kwamfutar

Ka buɗe Windows Security, ka shiga App & browser control, sannan Reputation-based protection settings, ka tabbatar "Potentially unwanted app blocking" a kunne yake tare da zaɓuɓɓukansa biyu. Ka rubuta "Create a restore point" a wurin bincike ka ajiye matsayin kwamfutar na yanzu. Mai Windows Pro ko Enterprise ko Education yana da Windows Sandbox, wata kwamfutar wucin gadi da take gogewa da zarar an rufe ta, kuma nan ne wuri mafi kyau na fara gwada fayil ɗin da ake shakka. Mai sigar Home zai iya amfani da VirtualBox, manhajar da take ƙirƙirar irin wannan kwamfutar a cikin tasa. Sai dai wasu ƙunsoshin suna gane cewa ana gwada su sai su natsu, don haka kyakkyawan hali a wurin gwaji ba ya ɗauke wajibcin lura a wurin girkawa ta gaske.

Mataki na biyar: girkawa a hankali

Nan ne ake cin yawancin mutane, kuma ba da wata fasaha mai zurfi ba, da gaggawarsu kawai. Idan akwatin neman izini na Windows ya fito, ka karanta sunan da yake gaban "Verified publisher" ka ga ko shi ne wanda ka gani a sa hannu. Idan aka ba ka zaɓi tsakanin "Express" ko "Recommended" da "Custom" ko "Advanced", ka ɗauki na biyun kullum, ko da an rubuta cewa na ƙwararru ne. Ba wata ƙwarewa da ake buƙata, an rubuta haka ne don ka ji tsoro, kuma a ƙarƙashinsa ne ake ɓoye akwatunan da aka riga aka yi wa alama.

Ga yadda shafin tarko yakan kasance. Ka danna Next sau biyu, ka amince da yarjejeniyar manhajar da kake so, sai wani shafi ya fito mai kama da na baya sak: launi ɗaya, dogon rubutu a akwati ɗaya, maɓallin Accept a daidai inda Next yake, linzaminka ma yana kansa. Amma idan ka ɗaga ido zuwa saman rubutun, sunan wata manhaja ce daban, wata burauza ko abin "kare bincike". Maɓallin Decline yana can hagu, an yi shi toka-toka kamar ba ya aiki, alhali yana aiki. Danna shi ba ya soke girka manhajarka, tayin kawai yake ƙi, ko da an tsara shafin don ka zaci akasin haka. Wani lokaci tayin uku ne a jere, kowanne da irin nasa maɓallin: wannan Decline, wancan Skip, na ukun kuma ɗan akwati ne da za ka cire wa alama. Akwai kuma masu juya magana, su rubuta cewa ka sa alama idan ba ka so, domin wanda ya saba cire alama ya faɗa. Ƙa'idar ita ce a kowane shafi ka tambayi kanka sunan wace manhaja ce a sama, kuma me maɓallin da zan danna yake cewa.

Kada a ɗauka ƙananan kamfanoni ne kaɗai suke haka. A baya, fayil ɗin girka Java na Oracle ya yi shekaru da dama yana zuwa da Ask Toolbar, wani ƙari na burauza, da alamarsa a sanye, har a lokacin sabuntawar tsaro.

Game da doguwar yarjejeniya, ba wanda yake karanta ta duka, kuma masu rubuta ta sun sani. Kamfanin PC Pitstop ya taɓa saka wani sakin layi a tasa yana alkawarin lada ga wanda ya karanta ya aiko da saƙo, sai da aka yi wata huɗu da saukewa sama da 3,000 kafin mutum ɗaya ya rubuto, aka ba shi dala 1,000. Abin da zai yiwu shi ne ka kwafe rubutun zuwa Notepad, ka danna Ctrl da F, ka nemi kalmomi kaɗan: "third party", "advertis", "partner", "offers", "homepage", "bandwidth". Jimlolin da suke kewaye da su za su gaya maka abin da aka shirya.

Wata dabara mai amfani ita ce katse intanet kafin buɗe fayil ɗin, tunda yawancin tayin daga intanet ake ɗauko su a lokacin girkawa. Cikakken fayil zai girku ba tare da su ba, wanda kuma ya ƙi motsi sai da intanet ya nuna maka cewa ɗan aike ne, sai ka koma shafin masu manhajar ka nemi wanda aka rubuta wa "offline installer" ko sigar "portable" da ba ta buƙatar girkawa. Idan a kowane mataki aka ce ka kashe manhajar kariya, ko aka ƙi ba ka hanyar ƙin tayi, ka rufe komai, ko da ta Task Manager ne, wurin da Windows take nuna manhajojin da suke aiki.

Mataki na shida: duba abin da ya canja

Bayan an gama, ka shiga Settings, sannan Apps, ka jera manhajojin bisa ranar girkawa. Abin da ya shiga yau ya kamata ya zama abin da ka nema, sai ko wani tallafi na Microsoft irin Visual C++ Redistributable, wanda ba laifi ba ne. Ka buɗe kowace burauza ka duba ƙare-ƙaren da aka liƙa mata, a Chrome ta rubuta chrome://extensions, ka duba injin bincike da shafin farko. Idan kwamfutarka ce ta kanka amma Chrome yana cewa "Managed by your organization", ka buɗe chrome://policy ka ga abin da aka ƙaƙaba, domin masu talla suna amfani da wannan hanya su hana ka mayar da saitinka, ko da yake wasu manhajojin kariya ma sukan jawo wannan rubutu. Ka danna gunkin burauzar da maɓallin dama, ka duba layin Target a Properties: bai kamata a ga adireshin wani shafi bayan chrome.exe ba.

Sannan ka duba abin da yake tashi tare da kwamfuta, a sashen Startup na Task Manager, da kuma Task Scheduler, inda ake ɓoye umarnin da yake dawo da abin da ka cire. Manhajar Autoruns ta Microsoft tana tattara duk waɗannan a wuri ɗaya, tana kuma iya ɓoye na Windows don baƙin su fito fili. A saitin Network ka tabbatar ba a sa maka Proxy ba, wato wata tasha da ake karkatar da intanet ɗinka ta cikinta. Ka maimaita wannan dubawa bayan mako guda, domin wasu sukan yi kwanaki a kwance kafin su fara aiki, don kada a danganta su da abin da ya kawo su, kuma ka lura da sabuntawa, wadda takan dawo da tayin da ka ƙi.

Ba kowace talla mai faɗowa daga kusurwa ce alamar an girka wani abu ba. Sau da yawa mutum ne ya danna Allow a wani shafi da ya nemi izinin aiko da sanarwa. Maganin wannan yana cikin saitin burauza, a ƙarƙashin Notifications, inda za a cire shafin daga jerin.

Yanke hukunci, da abin yi idan an riga an shiga

Ba duk mai tayi ba ne abin gudu. Manhajar da ta fito daga shafin masu ita, ta nuna tayi ɗaya a fili da sunansa, ta karɓi ƙin da ka yi, ba ta taɓa burauza ba, ana iya zama da ita, kodayake za ka ci gaba da lura a duk sabuntawa. Wadda ta sa alama tun kafin ka zo, ta ɓoye tayin a ƙarƙashin Custom, ta nuna maka yadda take kallonka, kuma in akwai madadinta mai tsabta, wanda galibi akwai, ya fi a koma can. Wadda kuwa ta girka abin da ka ƙi, ko ta dasa takardar shaida, ko ta canja Proxy, ko ta dawo bayan an cire ta, ba ta da bambanci da muguwar manhaja a aikace, komai amfaninta kuma ko me VirusTotal ya ce.

Idan ta riga ta shiga, ka fara cire baƙin daga Apps ɗaya bayan ɗaya, kana karanta shafukan cirewar da irin natsuwar da ka karanta na girkawa, domin su ma sukan ɗauki tayi. Ka cire ƙare-ƙaren burauza, ka yi amfani da "Reset settings" ka mayar da ita yadda take. Ka gudanar da AdwCleaner na kamfanin Malwarebytes, wanda aka yi shi musamman don wannan rukuni, daga shafin kamfanin, sannan ka bi da Microsoft Defender Offline scan, wanda yake sake kunna kwamfutar ya bincika kafin Windows ta tashi. Idan alamun sun ci gaba, ka koma matsayin da ka ajiye a mataki na huɗu. A kwamfutar Mac wuraren dubawa su ne Login Items da Profiles a cikin saiti, a wayar Android kuma jerin manhajojin da aka ba izinin Accessibility ko na bayyana a kan sauran manhajoji, musamman waɗanda aka girka daga fayil ɗin APK, wato ba ta Play Store ba.

Idan binciken ya nuna wani abu mai suna Stealer ko Trojan, ko ka shiga asusun banki ko imel a lokacin da baƙon yake ciki, ka canja kalmomin sirri daga wata na'ura daban, ka fara da imel tunda ta nan ake sake saita sauran, ka fitar da duk na'urorin da suke cikin asusun, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. A irin wannan hali sharewa ba ta ba da tabbaci, don haka ka kwashe takardunka da hotunanka kaɗai, ban da fayilolin girkawa, ka sake ɗora Windows daga fayil ɗin da ka sauke a shafin Microsoft.